Baba Ba Ya Barin Wuta a Kunne

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji uku na sakandare na tsaya. Zanen gini a wajen birkiloli na fara koyonsa, kwamfuta kuwa da girmana na shige ta, ina dannawa ina tsaki. Duk da haka ni Alhaji, mai kamfanin zanen gini, ya damƙa wa ofishinsa na Ikara, ɗaki ɗaya da teburi da fanka. Yana da wani a Kudan, babban kuma yana Makarfi. Gidana yana bayan ofis, gonar tumatirina ba nisa. Ban nemi fiye da haka ba.

Aikinmu mu zana wa mutum gida ko shago, sannan mu fitar masa da hoto kamar an riga an gina, har da fenti da inuwa. Fitar da hoton nan mu dahuwa muke ce masa. Kwamfutata ba ta iyawa, da an ɗora mata sai ta yi zafi ta sume. Babbar na'urar guda ce, tana Makarfi a kan sola. Daga kujerata nake shiga cikinta ta intanet, in ɗora zane, in danna, ta kama dahuwa. In ta gama sai ta ajiye hoton a wata jaka da duk ofisoshin uku ke iya buɗewa. Batirin ba ya kai dare, don haka da rana ake yi, daga hantsi zuwa la'asar.

Wata shekara aiki ya yi ƙaranci a Ikara. Sai ga wani dillalin barkono yana son jerin shaguna da bene a sama. Ya ce shi layi-layi a takarda ba ya gane su, sai ya ga gini da idonsa, kuma ran Juma'a zai dawo. Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, in wannan ya kuɓuce, rufe Ikara zan yi. Ba na biyan haya don fanka ta riƙa juyawa."

Na ɗora dahuwa da hantsi. Hoton yana fitowa daga sama, rufi ya fito, tagogin bene suka fito. Ana kiran azahar allon ya daskare. Washegari ma haka, daidai tagogin nan. Na kasa zama. In fita bakin titi, in dawo, in buɗe jaka, ba komai. In ɗaga waya sama ina neman sabis kamar mai roƙon ruwa.

Na kira ma'aikacinmu na Kudan, wani mai digiri da ba ya gajiya da zolaya.

"Malam, ko dai yatsan naka ne? Na'ura ta san hannun birkila fa."

"Kai da ka yi karatun, gaya min abin da ke kashe ta."

Ya yi dariya. "Ashe ba ka sani ba? Baba ne. Mu nan ƙananan ayyuka muke ɗorawa, kafin azahar sun nuna."

Baba yayan Alhaji ne, shi ke riƙe da makullin ofishin Makarfi. A da yana da shagon atamfa, wuta ta cinye shi yana masallaci. Tun daga nan ba ya kulle ɗaki da wani abu a kunne. Da azahar sauran ma'aikata su watse cin abinci, shi kuma ya bi makunni ɗaya bayan ɗaya ya kashe, ya ja ƙofa, sai bayan la'asar.

Na kira Alhaji. "Yallaɓai, Baba ne ke kashewa."

"Na sani."

"To a gaya masa mana."

"Kai ka gaya masa. Ni shi ya yi min aure."

Na ce wa na Kudan ya yi magana, ya ce shi bakinsa bai kai ba. Wani a Makarfi ya manna salatif a makunnin, Baba ya bar makunnin ya zare wayar daga bango. Mutum nawa, ofis uku, na'urar da ake tuƙawa daga wani gari, an rasa mai buɗe baki ya ce wa tsoho ya bari.

Ran Alhamis na hau babur na bi bayan motocin rake har Makarfi. Na durƙusa na gaishe da Baba: gida, iyali, gajiya, ciwon ƙafa, amfanin gona. Bakina sai "madalla" yake yi. Na ɗora dahuwa da hannuna na zauna kusa da na'urar. Ni ma da na zo da niyyar faɗa, ina ganin furfurarsa maganar ta maƙale.

Aka kira salla. Baba ya miƙe ya nufi makunni.

"Baba, ni a nan zan tsaya."

"Sallar fa, ɗan Ikara?"

"Zan yi ta a nan ciki."

Ya dube ni, ya dubi na'urar. "To, in da mutum a ɗaki ai ba laifi. Ka kula da hancinka, ƙauri ne ke fara zuwa." Ya miƙo min buzunsa ya fita.

Da la'asar hoton ya faɗa jaka, shaguna fes, har da inuwar bene a ƙasa. Dillali ya gani ran Juma'a, ya ce a fara haƙa tushe. Na ce Ikara ta tsira.

Bayan sati Alhaji ya zo da kansa, fuska a sake. "Malam, Allah ya kawo mafita ta hannunka. Baba ya ce ya yarda da kai. Ka koma Makarfi ka riƙa zama da na'urar. Mutanen Ikara ko a waya a nuna musu, ai jakar ko'ina tana buɗuwa."

Na ce, "Yallaɓai, ai aikin bai kuɓuce ba."

Ya ce, "Shi ya sa ba korarka na yi ba."

Ɗakin nan na Ikara yanzu abincin kaji ake sayarwa a ciki. Tumatir na bar wa ƙanena, don ban ruwa ba ya jiran mai dawowa da magariba. Kullum ina kan babur, azahar ɗina a kan buzun Baba. Har yau in zai fita sai ya ɗora yatsa a makunnin, ya waiwayo ya ga ina nan, sannan ya ɗauke.