Kwana Biyu Ba Dutsen Guga

Shekara arba'in da ɗaya Mai Guga ya yi a tsaye gaban teburi ɗaya. Mutanen unguwa ba da fuska ya san su ba, da wando ya san su. Idan tumbin mutum ya ƙaru, shi yake fara sani kafin matar mutumin.

Tasa matar kuwa cewa take ita ƙeya ta aura, don tun tana amarya ita kaɗai take gani.

Da autarsu ta fara aiki, sai ta kama musu ɗaki a wani babban otal a babban birni, Asabar da Lahadi, su ma su ɗana. Tun a mota matar ta kafa sharaɗi.

"Malam, kwana biyun nan nawa ne. Ka taɓa dutsen guga, wallahi gidan Auta zan wuce. Sai dutsen ya riƙa dafa maka."

Ya ce ya ji. Ya kuma san ba wasa take ba, don ya ga girman jakar da ta ɗauko.

Jarabawa tun daga ƙofa ta fara. Mai buɗe ƙofar otal ya sha kwat ja da maɓallai kamar janar, amma wandonsa kari biyu ne a ƙafa ɗaya. Mai Guga ya runtse ido ya wuce.

Ɗakin yana hawa na sha huɗu. Motoci a ƙasa kamar kiyashi, gado kuwa ka zauna ya haɗiye ka. Matar ta buɗe wurin rataye kaya, sai ga dutsen guga na lantarki, sabo fil, har da teburinsa. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ga budurwarka ta riga mu zuwa."

Ya zauna a kan hannayensa yana kallon taga.

Da rana ta ba masu wankin otal rigarta mai aikin zare, wadda ta yi shekara uku tana ɓoyo, don da ita za ta hau cin abinci a saman bene. La'asar aka dawo da ita cikin leda, an rataye ta kamar ta sarauniya. Tana zarewa ta ga ɓarna. Ta fuska suka goge ta. Zaren ya kwanta, ƙirjin rigar yana ƙyalli kamar gindin tukunya.

"Malam, ka ga abin da suka yi?"

"Na gani."

"To?"

"Ni baƙo ne. Hutu nake."

Ta juya rigar, ta sake juyawa, ta yi tari.

"Ai akwai dutse a nan."

"Akwai. Akwai kuma gidan Auta."

"Kai tsohon nan, Allah ya shirye ka! Na janye. Riga ɗaya!"

"Ƙara faɗa, kunnen ya tsufa."

Sai da ta faɗa sau uku. Ya tashi a hankali, ya juya rigar ta ciki, ya jiƙa ɗan tawul ya matse, ya shimfiɗa a kai. Dutsen ya yi masa sauƙi a hannu, har ya ce wannan na wasan yara ne. Amma tururi na tashi, zaren ya miƙe ɗaya bayan ɗaya.

Tana tsaye tana jira ta ga ya waiwayi labule da zanin gado, don ta san tun safe suke cizon sa. Sai ya zare wayar dutsen daga wuta, ya bar dutsen ya huce, ya mayar da shi, ya rufe ƙofa da kansa.

A saman bene suka zauna suna fuskantar juna, cokula sun fi abincin yawa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe kana da gemu," in ji ta.

Ranar Lahadi da za su fita, ya tsaya gaban janar na ƙofa. Matar ta ɗaga jaka ta zuba masa ido. Hannayensa a baya, ya sunkuya ya raɗa masa: "Ɗana, canja mai guga."

Gida ɗaya suka koma.