Maganar da Gwaggo Tsawa Ta Ƙi Faɗa

Tun tana 'yar shekara tara muryarta ta yi kauri kamar ta ƙato, ba ta kuma sake sirancewa ba. In ta yi sallama a ƙofar gida, sai matan ciki su ce a je a ga wane mutum ne. Malamarsu ta cire ta daga sahun masu waƙa, ta ce ta koma baya ta riƙa motsa baki kawai. Ta koma bayan, amma ta rera iya ƙarfinta har aka kore ta daga ajin. Ranar ce yayyenta suka laƙaba mata Tsawa. Da ta kai ƙara wurin babanta, mai gyaran injin jirgin ƙasa, sai ya goge baƙin mai a hannunsa ya ce, "Rabu da su. Ina ƙarƙashin jirgi ina jin ki daga gida, ni ya yi mini."

Muryar ce ta samar mata aiki a tashar jirgin ƙasa. Shekara ashirin da shida ta yi a wani ɗan ɗaki saman wurin sayar da tikiti, ita da makirfo mai naɗe da salatif, tana sanar da jirgin da ya iso da wanda zai makara. In wuta ta ɗauke ba ta jiran kowa, taga take buɗewa. A ɗakin ta yi goyon 'ya'yanta uku, daga ɗakin aka kira ta ranar da mijinta ya rasu. Sai wata safiya manaja ya hau sama yana ta sosa ƙeya, ya ce an kawo na'ura mai magana da kanta. Gwaggo ta saurari na'urar sau ɗaya, wata siririyar murya kamar mai jin yunwa. Ta ɗauki kofinta da matashin kujerarta ta sauka, ba ta tsaya jawabin ban kwana ba.

Ta shekara biyu a gida. Ran nan wani direban tifa ya juye mata yashi a bakin ƙofa, ta fito ta wanke direban tas. Maƙwabcinta, mai aikin ɗaukar sauti, ya leƙo ta katanga baki buɗe.

"Gwaggo, don Allah ki sake faɗin abin da kika faɗa."

"Kai ma kana so ne?"

Ashe a wurin aikinsa wani fim ɗin yara na zane, mai kashi-kashi, suke juyawa zuwa harshen gari, na jiragen ƙasa masu ido da baki, suna hira suna faɗa kamar mutane. An samu muryar kowa, saura ta wani tsohon jirgin kaya, baƙi, mai tari da hayaƙi. Maza bakwai aka gwada, duk daraktan aikin ya ce ba su yi ba. Sai maƙwabcin ya kai Gwaggo a gwada ta.

Ɗakin ɗaukar sautin bai kai kicin ɗinta girma ba, bangonsa duk soso. Aka ɗora mata abin ji a kunne, aka kunna hoton. Tsohon jirgin ya buɗe baki, Gwaggo ta ce, "Ku matsa mini, yara, kaya na ɗauko!" Daraktan, wani saurayi sa'an autanta, ya tashi tsaye daga bayan gilashi yana tafi.

Kashi goma sha ɗaya suka yi lafiya, in ka cire gardama. Ta ce musu jirgin kaya ba ya tsayawa farat ɗaya kamar keke, wanda ya zana wannan bai taɓa zuwa tasha ba. Daraktan ya ce, "Mama, jirgin fa magana yake yi, a nan ne ba ki ga ƙarya ba?" Ta yi dariya har allurar na'urar ta buga ƙarshe. Ta shaƙu da tsohon jirgin nan. Ko a gida in ta tashi daga tabarma gwiwa ta yi ƙara, sai ta yi irin tarinsa.

A kashi na goma sha biyu, na ƙarshe, an kawo sabon jirgi mai sheƙi da zai maye gurbin tsohon. Ƙananan jiragen suka raka tsohon zuwa wani layi da ciyawa ta cinye. Gwaggo ta duba takardar hannunta, ta sake dubawa, ta cire tabarau.

"Ɗan nan, wa ya rubuta wannan?"

"Haka yake a asalin fim ɗin, Mama. Fassara kawai muka yi."

Abin da aka rubuta shi ne: Ku yafe mini, na tsufa, ba ni da sauran amfani.

"Su yafe masa me? Satar kaya ya yi? Shekara nawa yana jan siminti da hatsi, yanzu shi ne mai ba da haƙuri?"

"Fim ɗin yara ne fa."

"Shi ya sa. Da na manya ne sai in ce sun riga sun lalace. Yaro ya ji wannan, ya juya ya kalli kakarsa, me ka koya masa?"

Ta ce a mayar da hoton baya. Ta ƙura wa leɓen jirgin ido, ta ƙirga buɗewarsa da yatsu, ta kawo wata maganar da ta zauna daram a bakin: na yi nawa, ku yi naku, ku kula da kwanar layi. Mai ɗaukar sautin ya gyaɗa kai. Daraktan ya dafe goshi, ya ce masu fim ɗin suna duba kowace kalma, ba shi da ikon canza ko wasali. Ya roƙe ta, ya haɗa ta da girman Allah, ya ce daƙiƙa huɗu ce kacal.

"Ko ɗaya ce. Bakina ba zai faɗa ba."

Ta rataye abin jin a ƙusa, ta ɗauki jakarta. Ta san ta rabu da tsohon ke nan, amma ba ta waiwaya ba.

Babbar 'yarta ta zo har gida da faɗa. "Umma, kin samu abin da ke fitar da ke, kin zubar saboda zanen jirgi? Zane fa!" Gwaggo ta ci gaba da gugarta, ta ce, "Da aka sallame ni a tasha, kin ji na ba wani haƙuri?" 'Yar ta ɗauki kayan da aka goge ta fara ninkewa.

An gwada wasu su faɗi maganar, kowa ya faɗa sai a ji kamar an canza jirgin. Ranar miƙa aiki ta matso. A ƙarshe mai ɗaukar sautin ya cusa ƙarar tururi a gurbin. Haka fim ɗin ya fita a talabijin: tsohon ya buɗe baki, ya huce, fuuu, ya rufe. Masu fim ɗin suka rubuto takardar ƙorafi, daraktan ya sha faɗa, ba a kuma sake kiran Gwaggo ba.

Bayan shekara guda suka haɗu da daraktan a layin ganin likitan ido. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce akwai sabon aiki, wannan karon na jiragen ruwa, kuma akwai wata tsohuwa a ciki.

"Tsohuwa ko?" in ji Gwaggo. "To, ka kawo mini takardun gida. Shafin ƙarshe zan fara karantawa."