Baba Takalmi da Silifas Mai Waya

Tun yana saurayi yake tsaron matakalar bene a tsohon gidan siliman nan na bayan kasuwa. Ƙasa bencin talakawa, sama kujerun katifa na manya, shi kuma yana tsakani yana yaga tikiti. Mutum ne da bai yarda da kowa ba. A cewarsa fuska tana ƙarya, takalmi ne ba ya yi. Shi ya sa ba ya ɗaga kai. In ya ga ƙafa tana sheƙi sai ya ce "Ranka ya daɗe" ya kauce. In ya ga silifas kuwa, to, sai an faɗi inda aka samo tikitin. Har aka laƙaba masa Baba Takalmi.

Tsofaffin finafinan nan marasa kala, na wa da ƙane, ɗaya ya yi arziki ɗaya yana dako, duk ya haddace su ta kafar labule. In aka zo wurin rungumar juna sai ya ja tsaki, wai shi za a yaudara. Shi ya riƙe Autansu bayan rasuwar iyayensu, ya sa shi makaranta. Yau Auta ya zama babba a ofis, an ce ma ya dawo garin, amma ko leƙe. Abin yana cin ransa, wallahi. Kunyarsa yaron yake ji, ko matarsa ce ta hana?

Wata la'asar sai ga wasu ƙafafu cikin tsinkakken silifas, an ɗaure shi da waya, ga kuma tikitin bene. Baba Takalmi ya tare hanya.

"Kai malam, dakata! A aljihun wa ka zaro wannan?"

Mai silifas ɗin ya ƙi matsawa. Baba Takalmi ya ɗago a fusace, sai ga Auta, har furfura ta fara fito masa.

"Yaya," in ji Auta, "tun da na dawo nake zuwa nan. Kullum sai ka sunkuyar da kai ka ce min ranka ya daɗe. Na ɗauka gatse kake min, ko gida na kasa zuwa. Silifas ɗin direbana na aro, ko za ka dube ni."

Baba Takalmi ya kasa yaga tikitin. Da ƙyar ya ce, "Da wane takalmi kake zuwa?"

"Baƙin nan mai igiya."

Ya san takalmin sarai. Sau nawa yana kauce masa.