Zauren Baba Tsoho da Tafukan Hannu

Ku da kunka san kakana Baba Tsoho, kun san ba ya gaida mutum da safe sai ya gaida zaurenshi. Shi fito da sanda, shi ƙwanƙwasa bango nan, shi kara kunne, shi ƙwanƙwasa can. In ka yi garajen ce mishi ina kwana, sai shi ɗaga maka hannu: "Dakata, babba na magana."

Zauren ƙasa ne, kakanshi yag gina shi tun fatake na sauka Illela da raƙuma. Ya tsufa ƙwarai, kowace damina sai ta gutsure mishi wani gefe.

Dokar Baba ɗaya ce. Duk wanda yas shiga ciki shan inuwa yaj jingina da bango, sai ya ɗebi kwaɓaɓɓiyar ƙasa cikin kwatarniyar bakin ƙofa ya manna wurin da tafin hannunshi. Ba babba ba yaro. Wani Alhaji daga Ƙonni, cikin shadda fara fat, yaj jingina shina waya. Da Baba yar riƙe mishi hannun riga, sai yac ce direbanshi zai manna. Baba yac ce, "Kai kaj jingina ko direban?" Haka Alhaji yan naɗe shadda.

Wata shekara wasu sunka zo daga birni cikin farar mota, sunka ce an sa zauren cikin gine-ginen tarihi. Sunka kafa allon kwano, sunka ɗauki hoto, ba mu ƙara ganinsu ba. Baba yaj jira su damina biyu. Ta ukku yat tumɓuke allon, yal lanƙwasa shi, yay yi indararo da shi. Ranar da ruwa yaz zubo ta cikin indararon, har tafi Baba yay yi, wai yau allo ya fara aikin da anka turo shi.

Ni kuwa, tun aji biyu nib bar boko nik kama kabu-kabu da babur, don gindina ba ya zama. Sai bakina yaj ja ni nic ce a shafe zauren da siminti kowa ya huta. Kwana ukku Baba bai amsa gaisuwata ba. Na huɗu yat tambaye ni ko na taɓa ganin an sa ma tsoho wandon ƙarfe. Horona kuwa, duk na kai fasinja Kalmalo sai na komo da buhun laka.

Bara Allah yay yi mishi rasuwa, damina kuma tak kada kusurwar gabas. Kawu Sani, babban ɗanshi, yac ce a rushe a yi shaguna, har ya kira katafila. Wallahi ban yi shawara da kowa ba. Babur nih hau, tasha, kasuwa, Amarawa, ina faɗin za a kada zauren Baba.

Mutane sunka cika wurin, kuma ba faɗa sunka zo ba. Kowa ciki yas shige shina neman hannunshi a bango. Mai nama ya ga nashi, liman ya ga nashi. Mai katafilar ma yas sauko leƙe, sai ga shi shina dariya, wai ga nashi can mai guntun yatsa. Yak kashe inji.

Kawu Sani na ta faɗa har idonshi yaf faɗa can ƙasa kusa da ƙofa: ɗan mitsitsin tafinshi na ƙuruciya, babban tafin Baba a gefenshi. Ya daɗe tsugune. Da yat tashi, riga yat tuɓe.

"Kai, mai babur, ina lakar?"

Kwana shidda munka ɗaga kusurwar nan, ba siminti ko cokali guda. Zaure na nan tsaye, kwatarniya na bakin ƙofa, indararo na aikinshi.

Allah ka jiƙan Baba Tsoho, ka yalwata mishi makwanci, ka ba shi inuwar da ba ta tsagewa. Amin.