Fijona Ta Ga Likita

Ina zaune gefen tsohuwar motata Fijo na yi tagumi, sai ga ɗiyata Hadiza ta taso daga aikin asibiti.

'Yar robar da ke riƙe rele, abin kunna fitilu, ta ruɓe. Mota na shiga gargada fitilu su mutu. Na zaga kasuwar Malanville, na ƙetara kogi zuwa Gaya, babu irinta. Yayyen Hadiza har sun fara zancen sayar da motar ga masu sayen ƙarfe.

Hadiza ta jujjuya ruɓaɓɓiyar robar, ta laluba jakarta, ta fiddo murfin roba na kwalbar allura.

"Baba, huda wanga. Tsohuwar taka ba mutuwa za ta yi ba, jinya take so."

Na huda, na sa wa rele, ya zauna daram. Jiya har garin Garou na je, fitilu ba su ƙifta ba.

Duk mai tambayar makanikena, ni na haife ta. Ku wa ke yi wa naku tsofaffin jinya?