Aladen da Bai Taɓa Babur Ba

Casimiro ya tsufa yana acaba a garinmu Bonao, kuma ban taɓa jin ya amsa laifi ba. In taya ta yi faci, magajin gari ne bai gyara titi ba. In ya makara, agogon coci ne ke sauri. Ni Fermín, ni nake gyara masa babur tun gashinsa yana baƙi, ni ne kuma uban baftismar 'yarsa Nereida, shi ya sa muke kiran juna compadre. A wurinmu wannan suna yana da nauyi. Ba a zagin compadre, ba a yi masa ƙarya.

Rabin garin nan a bayansa suka yi yawo. Ya kai masu naƙuda asibiti, ya ɗauko tukunyar gas da damin agada da kaji a sawu ɗaya. Tun da matarsa ta rasu, tashar 'yan acaba da ke gindin mangwaro ta zama gidansa. Amma bara ya faɗi a kwanar kasuwa, Nereida ta rantse a gabana cewa in ya sake faɗuwa za ta karɓe makulli ta sayar da babur ɗin. Yarinyar nan kuwa ba ta maimaita magana.

To, wata safiya sai ga shi yana turo babur zuwa garejina.

"Compadre, ɗan duba mini kan nan. Aladen maƙwabci ne ya soshe jikinsa da shi yana ajiye, ya kayar mini."

"Alade?"

"Alade mana. Ƙato, baƙi."

Na tsaya a gaba, na matse tayar tsakanin gwiwoyina, na leƙa daga sama. Taya tana kallon gabas, kan babur ya nufi wani wajen. Wannan ba abin mamaki ba ne, ko a tsaye babur ya kife, shokozoba biyun gaba sukan murɗe a cikin maƙallansu. Amma sai idona ya kai kan tanki. Babur ɗin da ya faɗi a ajiye tabo ɗaya yake samu. Wannan kuwa ƙarzuwa ce doguwa tun daga tanki har wutsiya, ga ciyawa da jar ƙasa cushe a hannun kulochi. Ƙofar gidan Casimiro siminti ce.

"Aladen nan ya ja shi har bakin rafi ke nan?"

"Kai dai yi aikinka, sarkin bincike."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Compadre guda yana kallon idona yana shirga mini ƙarya! Ga shi da riga mai dogon hannu a wannan zafi, hannun hagu a aljihu. Na zuba masa kofi, ya karɓa da dama, na miƙa burodi, ya ajiye kofin tukuna kafin ya karɓa.

Na sassauta notukan maƙallin ƙasa da na ƙarfen da taya ke juyawa a kai, na kama birki na danna gaban babur ya yi ƙasa ya dawo, na sake, har ƙarafan suka koma mazauninsu. Na ɗauko guntun gilashin da nake gwaji da shi na ɗora a kan sandunan shokozoban biyu. Ya kwanta luf, babu ko motsi, alamar sun miƙe. Na ɗaure notuka.

"Ga shi. Je ka gwada."

Ya hau, ya je ƙarshen layi ya dawo yana tangaɗi, fuska a murtuke.

"Haba Fermín! Ka tsufa. Yana ja gefe, ya ma fi ɗazu."

"Babur ɗin nan ya fi ni da kai miƙewa."

"Na ce yana ja!"

Daidai nan Wilkin, abokin tasharsu, ya zo shan iskar taya. Na ce ya ɗana mana. Ya tafi, ya dawo ya saki hannu biyu yana fito, babur yana tafiya ɗoɗar kamar an ja zare.

"Baba Casi, ai wannan ko amarya ka ɗauka," in ji shi, ya wuce abinsa.

Casimiro bai yi dariya ba. Na ajiye sifana, na miƙa masa hannayena biyu.

"Matse ni, compadre."

"Wane irin wasan yara ne wannan?"

"Matse."

Na dama ya kusa karya mini yatsu. Na hagu ya fito daga aljihu da ƙyar, ya kwanta a tafina kamar jiƙaƙƙen burodi. Ashe ba babur ke ja ba, hannunsa ne ya fara shanyewa. Tsoro ya kama ni, fushin duk ya zube.

"Tun yaushe?"

"Jiya da yamma." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ina dawowa daga gonar koko, hannun kawai ya sake. Allah ya so babu fasinja." Ya ɗago. "Kada ka gaya wa Nereida. In ta raba ni da shi, me zan riƙa yi da safe?"

"Gobe kuma in mai ciki ce a bayanka fa?"

Ya daɗe yana kallon babur ɗin. Ya shafa tankin inda ya ƙarzu. Sannan ya zare makulli, ya saka mini a aljihun riga da kansa.

"Kira ta. Ka ce ta same mu a asibiti."

Na kira ta, na rufe gareji, na tayar da babur ɗinsa, ya hau bayana. Hanyar asibiti ta gindin mangwaro take bi. 'Yan tasha suna hango mu suka ɗauki ihu: "Baba Casi ya zama fasinja! Fermín, kada ka yi masa ragi!" Mutumin da ya ɗauki rabin gari bai san inda fasinja ke sa hannu ba. Can na ji hannun damansa ya damƙe rigata, sai na kai nawa baya na jawo na hagun, na riƙe shi a cikina har muka isa.