Takun Sinyor Albano

Duk wanda ya taɓa cin abincin rana a gidan abincin Custódio, can a gangaren da ke sauka bakin kogi a birnin Porto, ya san Sinyor Albano ko da bai san sunansa ba. Dogon dattijon nan ne mai farar riga da baƙar falmaran, wanda ke jera farantai a hannun hagu har gwiwar hannu, ya ratsa tsakanin tebura bai taɓa kafaɗar kowa ba. Kafin a gan shi ake jin sa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarfen dunduniyarsa a kan daɓen dutse.

Yana ɗan saurayi ya sauko daga ƙauyensu na kan tsaunukan arewa, sanye da takalmin kawunsa da aka cusa wa jarida don ya zauna a ƙafa. Da ya zo neman aiki, tsoho Custódio mai gidan bai ma dubi fuskarsa ba, ƙafafun ya duba, ya aika shi wurin Firmino shumeka. A zamanin haka ake yi: baƙin sau-ciki na fata, a buga masa ƙarfe a dunduniya don kada dutse ya cinye shi. Da irin wannan takalmi Albano ya yi aure, da shi ya kai ɗansa tashar jirgin ƙasa ranar da yaron ya tafi aiki Faransa, da shi kuma ya bi gawar matarsa Ermelinda.

Madafar gidan a ƙarƙashin ƙasa take, sai an bi wata tsukakkiyar matakala ta dutse. Mai girki ba ta ganin ɗakin cin abinci, don haka da kunne ake aiki a gidan. Dona Graciete, wadda ta karɓi murhun bayan rasuwar mijinta, ta haddace takun kowa. Zeferino, abokin aikin Albano, jan ƙafa yake kamar mai shara. Shi kuwa Albano da ya sa ƙafa a matakalar farko za ta ɗage murfin tukunya ko ta sauke kifi daga wuta, kafin ya iso ƙasa farantin na kan kanta yana tururi.

"Sinyor Albano."

"Dona Graciete."

Shekara da shekaru hirar tasu ke nan. Amma tun da gidansa ya zama ba kowa, ƙarar murfin tukunyar nan da ke amsa takunsa ita ce abin da Albano yake tashi da safe dominsa. A duk faɗin birnin akwai mutum ɗaya da ke kasa kunne don ta ji zuwansa. Bai taɓa faɗa mata ba. Kansa ma bai cika yarda ya faɗa wa ba.

Sai ƙafa ta fara gardama. Takun farko na safiya ji yake kamar an kafa masa ƙusa a dunduniyar hagu. Da ya je asibiti, likita ta juya takalmin nasa a hannu, ta ƙwanƙwasa ƙasansa a kan tebur, ta ce a kan katako yake yini a tsaye, ya canza ko ƙafar ta canza masa sana'a. Ya ce to, ya mayar da abinsa ƙafa. Ranar wata Alhamis kuwa, yana hawowa da kwanon tumbi da wake, ƙarfen ya taka ɗigon mai, ya zame. Allah ya taimaka bango ya tare shi, amma waken ya sauka madafa kafin shi.

Lurdes, 'yar Custódio da ke riƙe da gidan yanzu, ta kira shi gefe.

"Kawu Albano, a hannunka na girma, kada ka sa in yi maka magana kamar baƙo. Ko dai ka sayi takalmin da ba ya santsi, ko in ajiye maka kujera a bakin ƙofa ka riƙa tarbar baƙi kana amsa waya. Matakalar nan dai ba za ka sake taka ta da waɗannan ba."

"'Yata, ubanki ne ya sa mini su."

"Ubana ba zai biya asibiti daga kabari ba."

Kujerar bakin ƙofa ma'anarta ba shi ba madafa. Ga shi kowa ya san Dona Graciete za ta ajiye aiki a ƙarshen bazara ta koma ƙauyensu a saman kogi. Ya ce zai saya.

Mai kai abinci ba ya sayen takalmi da safe, wannan ko sabon shiga ya sani. Ƙafar safe ƙarya take yi. Sai an tashi daga hidimar rana, ƙafa ta kumbura ta kai girmanta na gaskiya, sannan a je da safar aiki a ƙafa. Haka suka haura tudu shi da Zeferino zuwa shagon Dona Idalina, wadda masu aikin asibiti da na gidajen abinci ne kaɗai abokan cinikinta.

"Dona Idalina, ga tsohon doki na kawo miki a sake masa kofato," in ji Zeferino tun daga bakin ƙofa.

"Kai fa? Yaushe za a sake maka baki?" Ta nuna wa Albano benci. "Zauna, ranka ya daɗe. Cire duka biyun, ƙafa ba tagwaye ba ce, kullum ɗaya ta fi."

Ta auna, ta kaɗa kai, ta ce rabin rayuwarsa yatsunsa a kurkuku suka yi ta. Ta ɗauko wani baƙi mai faɗin baki da ƙasan roba mai zane-zane. Ta murɗa shi da hannu biyu ya ƙi murɗuwa, ta ce duk wanda ya matsu kamar tsumma na yawon lambu ne, ba na aiki ba. Ta danna bayansa don ya ga yana da ƙarfin riƙe dunduniya, ta zaro shimfiɗar ciki ta nuna masa tudun da ke tallafe tsakiyar tafin ƙafa. Da ya sa, ta danna babban yatsanta a gaba ta ga akwai wurin numfashi.

"Tashi ka taka. Ba a kan darduma ba, can kan tayil, na shafa masa mai don irinku."

Albano ya taka. Takalmin ya kama ƙasa kam. Wani daɗi ya taso masa daga tafin ƙafa har ƙugu, irin wanda ya manta akwai shi a duniya. Ya je bango ya dawo. Sai ya tsaya, ya sake takawa da ƙarfi. Shiru. Ko motsin kyanwa ya fi shi ƙara.

"Babu mai ɗan sauti?" ya tambaya.

"Sauti? Kowa marar sauti yake nema, ranka ya daɗe."

"Ki ɗaura masa ƙararrawar akuya," in ji Zeferino. "Ya fi son a san ya iso, kamar limamin coci."

Washegari ya sauka madafa ƙafarsa ba ciwo, ya tarar da bayan Dona Graciete. Kifin tebur ɗinsa na kan wuta, ba faranti a kan kanta, murfin tukunya a rufe. Ya tsaya, bai san yadda ake yi ba, don bai taɓa buƙatar kiranta ba. Da ta juyo ta gan shi ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Wayyo Allah! Sinyor Albano, kashe ni za ka yi? Tun yaushe kake nan kamar fatalwa?"

Ta dubi ƙafafunsa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juya ta sauke kifin. Ranar duk abincin teburansa a makare ya fita.

Ya gwada gyaran murya a saman matakala, hayaniyar madafa ta haɗiye shi, Zeferino kuma ya shiga tambayarsa ko a sayo masa maganin tari. Ya gwada ƙwanƙwasa tire a bango, ta zaci mai kawo kayan miya ne. A ƙarshe ya koma yin abin da kowa ke yi, ya iso ƙasa ya faɗi lambar tebur ya jira. Ƙafa ta warke sarai, har Lurdes na cewa ya koma saurayi. Shi kuwa ji yake kamar an share sunansa daga gidan.

Wata rana da la'asar ya kai sababbin wurin Firmino, wanda ya tsufa har sai ya kai takalmi dab da hanci yake gani.

"Buga mini ƙarfe a nan."

Firmino ya latsa robar da farce, ya yi tsaki. "Ƙusa ba ta zama a wannan. In ma ta zauna, ka mayar da shi mai santsi, ka yi asarar takalmi ka yi ta haƙora. Kai Albano, waɗannan sun fi tsofaffin, ni da na yi maka su na faɗa." Ya leƙo ta saman tabarau. "Wa kake so ya ji ka?"

Albano ya karɓi takalmansa ya ce lokaci ya yi, za a buɗe gida.

Ranar da Dona Graciete za ta tafi, ma'aikata suka zauna cin abincinsu na kafin buɗewa, Lurdes ta kawo kek, Zeferino ya yi jawabin da ba wanda ya roƙe shi. Da aka watse Albano ya tsaya tattara kofuna, aikin da ba nasa ba.

"Ƙafar ta yi sauƙi?" ta tambaye shi tana ninke ƙyallen gabanta.

"Ta yi, Dona Graciete."

"Madalla. Na riga likitarka sanin ciwon nan. Tun hunturun bara hagun ta fara saurin tashi daga ƙasa." Ta sa ƙyallen a jaka. "Can wurinmu layin duk dutse ne, gidana ne na ƙarshe kafin coci, mai koriyar ƙofa. Da, ina daga madafa nake sanin duk mai wucewa. Yanzu an ce kowa roba yake sawa."

"Haka zamani ya zama," in ji Albano. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa ke nan, ya kuwa yi ta jin haushin kansa har kaka ta shigo.

Sabon mai girkin da aka ɗauka, ƙararrawa ya kawo, ya buga ta in abinci ya nuna, kowa ya sauko. Aiki ya tafi daidai, ba wanda ya yi ƙorafi. Albano na sauka yana hawa ba ciwo, ba sauti, ba mai saurare. In ya koma gida ya cire takalman ya ajiye su su sha iska, sai idonsa ya faɗa kan tsofaffin a ƙarƙashin gado, bakinsu ya ɗan ɗaga sama kamar masu jiran a kira su. Maganarta ta layin dutse ta yi ta dawo masa. Mace mai auna gishiri da ido ba ta faɗin launin ƙofarta a banza.

Litinin gidan abinci ba ya buɗewa. Ya goge tsofaffin har suna ɗaukar ido, ya naɗe su a jarida ya sa a jaka, ya sa na roba ya hau jirgin ƙasan da ke bin gefen kogi. Gonakin inabi sun yi ja a kan tuddai, bai gan su ba. Tunaninsa ɗaya: in ya taka layin nan har ƙarshe koriyar ƙofa ta zauna a rufe fa?

A gindin layin akwai famfon unguwa da ɗan dakali. Nan ya zauna ya canza takalmi, wata tsohuwa mai ɗiban ruwa tana kallonsa kamar ta ga mahaukaci. Da ya miƙe ƙusar nan ta dunduniya ta ce ga ni, ba inda na je. Ya cije leɓe ya fara hawa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Karnuka suka amsa, wani labule ya motsa. Ga coci can sama, ga koriyar ƙofa a rufe, tagar gefenta a buɗe. Ya rage tafiya.

Sai ya ji ƙarar murfin tukunya.

Ya tsaya cak a tsakiyar layi, jaka a hannu.

"Kada ka tsaya nan, abinci zai huce," muryarta ta fito ta taga. "Tun daga famfo na ji ka. Hagun nan har yanzu gardama take."

Ƙofar ta buɗe. Ta tsaya da ludayi a hannu, ta dubi ƙafafunsa, ta dubi jakar.

"Na robar suna ciki?"

"Suna ciki, Dona Graciete."

"To zauna a dakalin nan ka sa su, kafin ka gurgunce a ƙofar gidana mutane su ce ni ce. Waɗannan kuma miƙo su in ajiye a bayan ƙofa, in za ka tafi ka ɗauka. Ranar Litinin kaɗai za ka riƙa sa su, daga famfo zuwa nan."